Mama ta zame ta karye a wuyan hannu, an ce ƙashinta ya zaizaye: ƙwayar kalsiyam ta wadatar?

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 64. Wata biyu da suka wuce santsi ya kwashe ta a ɗaki, ta dafa ƙasa da hannu, sai ta karye a wuyan hannu. Likitan da ya duba hoton ya ce ƙashinta ya yi rauni, ya ambaci wata cuta wai ostiyoforosis. Tun daga lokacin muke ba ta ƙwayar kalsiyam kullum. Karayar ta warke, ba ta jin ciwon komai, sai dai na lura ta ɗan ranƙwafa, kuma kamar tsawonta ya ragu. Wace irin cuta ce wannan? Ƙwayar ta isa? Ni kuma da nake da shekara 38, zan gaje ta ne?

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ƙwayar kalsiyam kaɗai ba ta isa ba. Mace mai shekara 64 da ta karye daga faɗuwar tsaye, ga ranƙwafawa, ga raguwar tsawo, tana bukatar a auna ƙashinta, a ɗauki hoton bayanta, kuma da alama za ta bukaci maganin ƙashi na gaske. Warkewar hannun kada ta ruɗe ku. Abin da ya sa hannun ya karye, wato ostiyoforosis ko zaizayar ƙashi, yana nan a sauran jiki, musamman a ƙashin baya da kwatangwalo.

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen itace da aka kafa aka manta da shi. Alhali rayayye ne, yana da jijiyoyin jini, kuma kullum aiki ake yi a cikinsa. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke wannan aiki. Akwai masu rushewa, waɗanda ke narkar da tsohon ƙashi ko wanda ya yi 'yar tsaga, akwai kuma magina da ke biyo bayansu su cike ramin da sabo. Rushewar wuri guda ba ta wuce mako biyu zuwa huɗu, amma cike shi yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu. Da haka ake sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi a kowace shekara. Daga ƙuruciya har zuwa wajen shekara 30 magina ne ke kan gaba, ƙashi yana ta ƙara kauri. Daga nan sai a ɗan yi kunnen doki, sannan a hankali masu rushewa su fara rinjaye.

A wajen mace, sinadarin istirojin da ƙwan mahaifa ke fitarwa shi ne linzamin masu rushewa. Da zarar al'ada ta ɗauke, linzamin ya kwance. A shekaru biyar zuwa bakwai na farko bayan ɗaukewar al'ada, wata macen kan yi asarar har kashi 20 cikin 100 na kaurin ƙashinta. Ba kuma ko'ina asarar take zuwa daidai ba. Ƙashi yana da ɓawo mai tauri daga waje, daga ciki kuma akwai wani sashe mai huji-huji kamar saƙar zuma. Wannan na cikin ya fi saurin zaizayewa: ginshiƙansa su sirance, wasu su tsinke gaba ɗaya, ramukan su faɗaɗa. Inda irin wannan ƙashi ya fi yawa shi ne gaɓoɓin ƙashin baya, da ƙarshen ƙashin hannu kusa da wuyan hannu, da wuyan ƙashin cinya inda yake shiga kwatangwalo. Shi ya sa karayar wannan cuta take zagayawa a waɗannan wurare uku. Aikin gara ne a jikin azara: daga waje lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata nauyi.

Cutar ba ta ciwo sai an karye, kuma a nan ake yawan rikita ta da wasu. Ciwon gwiwa da ƙugu da ke damun manya idan sun tashi ko sun hau bene yawanci amosanin gaɓɓai ne, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, kuma maganinsa daban. Akwai kuma laushin ƙashi da ƙarancin bitamin D mai tsanani ke kawowa, wanda ke sa ciwon ƙashi ko'ina da raunin cinyoyi har mutum ya kasa tashi daga zaune. Mai zaizayar ƙashi kuwa yana iya shekara goma yana yawo garau. Ƙididdigar Gidauniyar Yaƙi da Zaizayar Ƙashi ta Duniya ta nuna cewa mace ɗaya cikin uku, da namiji ɗaya cikin biyar, daga waɗanda suka haura shekara 50 za su samu irin wannan karaya a sauran rayuwarsu.

Karayar Mama tana da ma'ana ta musamman a wajen likita. Ƙashi mai lafiya ba ya karyewa don mutum ya faɗi daga tsayensa. Duk wanda ya haura 50 ya karye daga faɗuwar da ba ta wuce tsawonsa ba, ana ɗaukar ƙashinsa mai rauni ne har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda ya karye sau ɗaya haɗarinsa na sake karyewa ya kusa ninkawa, kuma haɗarin ya fi yawa a shekara biyun farko. Wato yanzu ne lokacin motsawa, ba sai an ga abin da hali zai yi ba.

Ranƙwafawar da kika lura da ita ta fi karayar hannun damuna. Gaɓoɓin ƙashin baya kan lotse daga gaba, kamar an taka gwangwani, kuma kusan biyu cikin uku na irin wannan karaya ba a gane su, domin ko dai babu ciwo ko kuma an ɗauka ciwon baya ne na tsufa. Kowace gaɓa ta lotse, tsawo ya ragu, baya ya ƙara lanƙwashewa. Kina iya yin gwaji uku a gida kafin ku je asibiti. Ki auna tsawonta ba takalmi, ki kwatanta da tsawonta na ƙuruciya idan an san shi. Raguwar santimita 4 ko fiye dalili ne na ɗaukar hoto. Ki sa ta tsaya ta jingina da bango, dugaduganta da mazaunanta suna taɓa shi, tana kallon gaba; idan ƙeyarta ba ta kai bango ba, alama ce. Sannan ki sa yatsunki a gefen cikinta tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Idan yatsu biyu ne kawai ko ƙasa da haka ke shiga, ita ma alama ce. Hoton ƙashin baya da aka ɗauka daga gefe shi ke tabbatarwa. Dalilin matsawa a kan wannan shi ne, cikin matan da gaɓa ɗaya ta lotse musu, kusan ɗaya cikin biyar za ta samu wata cikin shekara guda idan ba a yi magani ba.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizaya sai an riga an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100. Ma'aunin da ake dogara da shi na'ura ce da ake kira DEXA. Mutum ya kwanta da kayansa, ba ƙarfe a jiki, na'urar ta bi ta kan ƙasan baya da kwatangwalo cikin minti 10 zuwa 20, ba allura, ba zafi, kuma hasken da ke shiga jiki bai kai na hoton ƙirji ba. Kada ta sha ƙwayar kalsiyam awa 24 kafin gwajin. Sakamakon zai fito da lamba da ake kira makin T, wanda ke kwatanta ƙashinta da na matashiya mai lafiya. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994, daga -1 zuwa sama lafiya ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, -2.5 ko ƙasa da haka kuma zaizaya ce.

Lambar tana da amfani, amma ba ita ce alƙali ba. Fiye da rabin masu irin wannan karaya makinsu bai kai -2.5 ba. Haka nan amosanin ƙashin baya yakan sa na'urar ta ga kauri na ƙarya a wajen tsofaffi, don haka likita kan fi kallon lambar kwatangwalo. Domin cike wannan giɓi ne Jami'ar Sheffield da ke Ingila ta fitar da wani ma'aunin lissafi mai suna FRAX a 2008. Ana shigar da shekaru, nauyi, tsawo, tarihin karaya, shan taba da sauransu, ya fitar da yiwuwar karaya cikin shekara 10, ko da babu sakamakon DEXA. Idan kuma hoto ya nuna gaɓar baya ta lotse ba tare da wani babban hatsari ba, ana fara magani ko na'urar ba ta samu ba. 'Yar na'urar da ake sa dunduniya a ciki a wuraren gwaji na tafi-da-gidanka tana iya jan hankali, sai dai ba a yanke hukunci da ita.

Gwajin jini ma dole ne, ba don ya nuna cutar ba, sai don a gano ko akwai abin da ke hura ta. A duba aikin ƙoda, kalsiyam, bitamin D, sinadarin da ƙullin maƙoshi (thyroid) ke fitarwa, da yawan jini. Ki lura da wani abu da ke ruɗar mutane: kalsiyam na cikin jini yakan fito daidai ga mai zaizayar ƙashi. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙori, kuma zuciya da jijiyoyi ba sa iya aiki idan na cikin jini ya sauka. Saboda haka idan abinci bai kawo ba, jiki sai ya shiga rumbun ƙashi ya ɗebo. Jini ya daidaita, ƙashi ya biya bashin. Idan ma aka ga kalsiyam ya hau a jini, to a dakatar da ƙwayar, a binciki wasu ƙananan ƙulle-ƙulle huɗu da ke bayan maƙoshi, ko wata cuta ta ɓargo.

Ku tafi asibiti da duk magungunan da take sha a leda, har da waɗanda ba likita ya rubuta ba. Babban ɓarawon ƙashi a cikin magunguna shi ne dangin sitiroyid, irin su prednisolone da dexamethasone. Miligiram 5 na prednisolone a kullum na wata uku ya isa ya ƙara haɗarin karaya, kuma ɓarnar ta fi sauri a watannin farko. Wasu kan sha su shekara da shekaru don asma ko ciwon gaɓɓai, wasu don neman ƙiba, ba su san abin da suke yi wa kansu ba. Wanda ya daɗe a kansu kada ya daina farat ɗaya, sai likita ya rage masa sannu a hankali, domin yankewa kwatsam na iya jefa mutum cikin mummunan hali. Akwai kuma wasu magungunan farfaɗiya kamar phenytoin da carbamazepine, maganin maƙoshi, wato na ƙarancin sinadarin thyroid, idan ya yi yawa, magungunan sankarar mama irin letrozole da anastrozole, maganin ciwon suga pioglitazone, da dangin omeprazole na gyambon ciki idan an daɗe ana sha. Daga cikin cututtuka kuma akwai amosanin gaɓɓai mai kumburi, ciwon suga, ciwon ƙoda, sikila, da cututtukan hanji da ke hana tsotsar abinci.

To, mu dawo kan kalsiyam. Shi kayan gini ne, kamar bulo. Tara bulo a ƙofar gida ba ya hana masu rushewa aikinsu. Mace da ta haura 50 tana bukatar kimanin miligiram 1,200 a rana, amma wannan jimilla ce ta abinci da ƙwaya. Kofin madara mai mililita 250 yana ba da wajen 300, haka ma kofin yogot. Giram 30 na cuku mai tauri yana da wajen 200. Ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu, kamar sardin na gwangwani, suna da fiye da 300 a giram 100. Wake, riɗi da ganyayyaki dangin kabeji suna ƙarawa. Alayyafo yana da kalsiyam a rubuce, sai dai wani sinadari da ke cikinsa yana riƙe shi, kaɗan ne ke shiga jini. Ki lissafa abin da take samu a abinci, ƙwaya ta cike giɓin kawai.

Kurakuran da ake yi da ƙwayar su ma sanannu ne. Lambar da ke gaban kwalba sau da yawa nauyin gishirin ne gaba ɗaya: ƙwayar calcium carbonate mai miligiram 1,250 kalsiyam ɗin da ke cikinta 500 ne. Hanji ba ya iya tsotsar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, don haka mai bukatar fiye da haka ya raba safe da yamma. Carbonate da abinci ake shan sa domin yana bukatar ruwan tsamin ciki. Citrate kuwa ana iya shan sa ko yaushe, kuma ya fi dacewa da mai shan maganin gyambon ciki. Kalsiyam yana kama wasu magunguna a hanji ya hana su aiki: a raba shi da maganin maƙoshi da awa 4, da maganin ƙarin jini da tetracycline da aƙalla awa 2, ciprofloxacin kuma a sha shi awa 2 kafin kalsiyam ko awa 6 bayansa. Yawansa kuma ba ƙarin lafiya ba ne. Wuce 2,000 a rana yana kawo taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda.

Ba tare da bitamin D ba, yawancin kalsiyam ɗin wucewa yake yi. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta kai tsaye. Hasken da ya ratso gilashi ba ya yi. Fatar tsoho ba ta haɗa shi kamar ta yaro, fata mai duhu kuma tana bukatar lokaci fiye da fara, shi ya sa ake samun ƙarancinsa har a ƙasashe masu zafin rana ga wanda ba ya fita ko jikinsa ke rufe kullum. Ga mai irin halin Mama, ma'auni 800 zuwa 1,000 a rana, wato lambar da ake rubutawa da IU a jikin kwalba, shi ne abin da aka saba bayarwa, kuma kada a wuce 4,000 sai da umarnin likita. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2010 ya gano cewa tsofaffin matan da aka ba ma'auni 500,000 sau ɗaya a shekara sun fi faɗuwa da karyewa. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi kwasar gaba ɗaya. A haɗa da furotin, wajen giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, domin kusan rabin girman ƙashi furotin ne, kuma tsokar da ke riƙe mutum kada ya faɗi da shi ake gina ta.

Maganin gaske shi ne wanda ke taka wa masu rushewa birki ko ya zaburar da magina. Wanda aka fi farawa da shi alendronate ne, miligiram 70 sau ɗaya a mako, ko risedronate miligiram 35. Suna rage lotsewar ƙashin baya da kusan rabi, suna kuma rage karayar kwatangwalo. Amma yadda ake shan su shi ne rabin maganin, domin ko an bi ƙa'ida, abin da ke shiga jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A zaɓi rana guda a mako. Da safe tana tashi, kafin ta ci ko ta sha komai, ta haɗiye ƙwayar sukutum da cikakken kofin ruwa zalla, wajen mililita 200 ko fiye. Kada ta tauna, kada ta tsotsa. Ta zauna a miƙe ko ta tsaya ko ta yi tafiya na minti 30, ba kwanciya, ba shayi, ba madara, ba wani magani. Shayi ko madara kaɗan sun isa su kashe aikin ƙwayar, kwanciya kuma na sa ta dawo maƙogwaro ta ƙona shi. Kalsiyam na wannan rana a bar shi sai da rana ko da yamma. Idan ta manta, ta sha washegarin ranar da ta tuna da safe, sannan ta koma ranarta ta asali. Ba a shan biyu a rana ɗaya. Ba a ba mai wahalar haɗiya, ko wadda ba ta iya zama a miƙe na rabin awa, ko wadda aikin ƙodarta ya sauka ƙasa da 35 a ma'aunin tacewa. Idan ƙwannafi mai tsanani ko zafin haɗiya ya taso, a dakata a koma wajen likita.

Wadda ƙwayar ba ta karɓe ta ba tana da zaɓi. Akwai zoledronate, miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, wanda ke rage lotsewar baya da kusan kashi 70 cikin 100, karayar kwatangwalo kuma da kusan 40. Kusan mutum ɗaya cikin uku yakan ji zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku bayan na farko. Paracetamol da shan ruwa sosai suna sauƙaƙa shi. Akwai denosumab, allurar miligiram 60 a ƙarƙashin fata duk wata shida. Yana aiki ƙwarai, amma yana da tarko da ya kamata a sani tun kafin a fara: aikinsa na ƙarewa da ƙarewar wata shidan, kuma idan aka daina ko aka yi jinkiri sosai, masu rushewa kan dawo da ƙarfinsu fiye da da, har gaɓoɓin baya da dama su lotse cikin 'yan watanni. Wanda ba shi da tabbacin samun allurar a kan lokaci gara kada ya fara, wanda kuma zai daina dole a ɗora shi a kan alendronate ko zoledronate. Ga waɗanda cutar ta yi wa tsanani akwai masu gina sabon ƙashi, teriparatide da ake yin allurarsa kullum har shekara biyu, da romosozumab na wata-wata har shekara guda, wanda ba a ba wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan. Kafin a fara kowane ɗayansu sai an gyara ƙarancin bitamin D da kalsiyam.

Za ku ji ana tsoratarwa da illoli biyu: mutuwar wani sashe na ƙashin muƙamuƙi, da wata irin karayar tsakiyar cinya. Duka biyun gaskiya ne, amma ba kasafai suke faruwa ba a irin adadin da ake ba mai zaizayar ƙashi, kuma karayar da maganin ke hanawa ta ninka su nesa ba kusa ba. A ra'ayina, barin magani saboda tsoronsu kuskure ne babba. Abin yi shi ne ta ga likitan haƙori kafin ta fara, a cire abin cirewa, sannan idan ta ji wani sabon ciwo mai nauyi a cinya ko matsematsi da ya ƙi tafiya, a ɗauki hoton cinyoyin biyu. Bayan shekara 5 a kan ƙwaya, ko 3 a kan ƙarin ruwa, likita zai sake dubawa: mai ƙaramin haɗari a ba ta hutu, mai babba ta ci gaba. Ba za ta ji wani sauyi a jikinta ba yayin da take sha, kuma wannan ne ke sa kusan rabin masu shan ƙwayar su watsar da ita kafin shekara ta zagayo. Alamar maganin yana aiki ita ce ba a sake karyewa ba.

Sai maganar faɗuwa, wadda sau da yawa ake mantawa da ita, alhali kusan duk karayar kwatangwalo daga faɗuwa take. Ita ce karayar da ake gudu, domin kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara bayanta, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa tafiya da kansu. Ki gwada ta: ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita 3, ta juyo ta zauna. Idan ta ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, tana cikin masu haɗarin faɗuwa. A duba idonta ko akwai yana. A duba hawan jininta a kwance da kuma a tsaye, domin wasu magungunan kan sa jiri idan an miƙe. Maganin barci ya fita idan zai yiwu. A gida kuma, fitila tsakanin gado da banɗaki da dare, abin kamawa a banɗaki, a kawar da shimfiɗar da bakinta ke naɗewa da wayoyin da ke ƙasa, takalmi kuma mai rufe dunduniya mai riƙe ƙasa.

Kada tsoro ya sa ku zaunar da ita. Ƙashi yana ƙara ƙarfi ne idan an ɗora masa nauyi, zaman wuri ɗaya kuma cinye shi yake. Tafiya da ɗan sauri minti 30 a yawancin ranaku, hawa matakala, da motsa jiki mai ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku a mako: tashi da zama daga kujera sau 10, ɗaga dugadugai tana riƙe da bango, tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa, da ɗaga ƙirji daga kwanciyar rub-da-ciki don ƙarfafa tsokar baya. Iyo da keke suna da kyau ga zuciya, amma ba sa ɗora wa ƙashi nauyi. Abin da za ta guje wa shi ne sunkuyawa da lanƙwasa baya tana ɗauke da kaya, musamman haɗe da murɗa jiki. Idan za ta ɗauki abu a ƙasa, ta lanƙwasa gwiwa da ƙugu, baya a miƙe, kayan a manne da jiki. In kuwa ta faɗi ta kasa tashi, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a ja ƙafar ko a tilasta mata takawa. Asibiti nan take, domin tiyata cikin kwana ɗaya zuwa biyu ita ce ta fi ceto rai.

Game da ke, gado yana da hannu sosai, domin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na kaurin da ƙashin mutum zai kai daga iyaye yake, kuma karayar kwatangwalo a wajen uwa ko uba tana cikin abubuwan da ake lissafawa. Amma a shekara 38, idan al'adarki na zuwa daidai, ba ki taɓa karyewa daga ƙaramar faɗuwa ba, kuma ba kya shan sitiroyid, ba kya bukatar DEXA yanzu. Ki nemi miligiram 1,000 na kalsiyam a rana daga abinci, ki riƙa motsa jiki mai ɗora nauyi, ki nisanci taba da giya, ki rage gishiri domin yana fitar da kalsiyam ta fitsari, kada kuma ki rame fiye da kima. Shayarwa tana rage ƙashi na ɗan lokaci, amma yana dawowa cikin wata 6 zuwa 12 bayan yaye. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku ma tana ɗan rage shi, yawanci ya farfaɗo bayan an daina, sai dai ki gaya wa mai ba ki ita tarihin Mama. Idan al'adarki ta tsaya wata shida ba ciki ba shayarwa, ko ta ɗauke kafin shekara 45, ko aka cire miki ƙwan mahaifa, ki ga likita a kan maganin maye gurbin istirojin. In ba haka ba, lokacin da al'adar ta ɗauke ki nemi a lissafa miki haɗarinki, ki kuma rubuta tsawonki na yau ki ajiye don a samu abin kwatantawa. Idan kina da 'ya'ya tsakanin shekara 9 da 18, su ne ke bukatar kalsiyam fiye da kowa a gidan, miligiram 1,300 a rana, tare da guje-guje da tsalle-tsalle a waje.